Sai Gobe, Sai Jibi: Tambayoyi da Amsoshi kan Jan Ƙafa da Yadda Muke Hangen Aiki

Na daɗe ina koyarwa a Gombe, kuma babu zangon karatun da zai wuce ban zauna da wani ɗalibi da idonsa ya yi ja saboda aikin da ya san da shi tun watanni uku amma bai taɓa ba sai daren jiya. Ba ɗalibai kaɗai ba. Teloli, 'yan kasuwa, iyaye mata, har abokan aikina, kowa da irin nasa "sai gobe". Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini a kan lamarin, da amsoshin da nake bayarwa.

Malam, ai an ce wani jinkirin alheri ne. Ta ina zan gane nawa na banza ne?

Gaskiya ne, ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Manomin Deba da ya ga ruwan farko ya sauka amma ya ƙi shuka har sai damina ta kankama, hankali ya yi. Wanda nake magana a kansa shi ne manomin da kuɗin taki ke aljihunsa tun rani, ya san farashi zai hau da zarar ruwa ya zauna, ya kuma yi niyyar saye, amma kullum ya ce sai ranar kasuwa mai zuwa.

Piers Steel na Jami'ar Kalgari a Kanada, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan wannan hali ya fitar a 2007, ya tsaya kan abu uku: ka yi niyyar aikin, babu wanda ya hana ka, kuma kai da kanka ka san ɗagawar za ta cuce ka. In ukun nan sun haɗu, jan ƙafa ne. Malamanmu na addini suna da suna gare shi tun da daɗewa, taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wato "da sannu zan yi".

To ba lalaci ba ne kawai?

Da wuya. Malalaci bai damu ba. Mai jan ƙafa kuwa abin na cin ransa, yana kwana da shi yana tashi da shi. Za ka same shi ya wanke babur, ya goge kaya, ya je gaisuwar da ba ta zama dole ba, duk don kada ya zauna gaban aiki ɗayan nan. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun bayyana shi a 2013 da cewa gudun ɓacin rai ne na ɗan lokaci: aikin yana tayar maka da tsoro, ko gundura, ko kunyar cewa ba ka iya ba, sai ka kauce masa don zuciya ta yi sanyi yanzu, ka bar wa kanka na gobe bashin.

Mene ne wannan tunanin dunƙule da tunanin daki-daki da kake yawan faɗa?

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari in ɗan tsaya.

Hau kan tudu ka hango garin Gombe. Abin da za ka gani shi ne gari ɗaya, rufin kwano yana ƙyalli, hasumiyoyin masallatai, hayaƙi can nesa. Ba ka ganin kwata, ba ka ganin cunkoson Keke a Tashar Dukku, ba ka ganin lungun da za ka bi ka kai gidan da kake nema a Jekadafari. Sai ka sauko ka shiga sannan waɗannan su bayyana, a lokacin kuma garin gaba ɗayansa ya ɓace maka.

Haka ƙwaƙwalwa take yi da lokaci. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Yaacov Trope da Nira Liberman, sun shimfiɗa wannan bayani a 2003, suka faɗaɗa shi a 2010. Abin da ke nesa da mu, ko a lokaci, ko a wuri, ko wanda ya shafi wani ba mu ba, muna ganinsa a dunƙule: manufarsa, amfaninsa, dalilin yinsa. Abin da ya matso kusa muna ganinsa daki-daki: yaya za a yi, da me, ƙarfe nawa, nawa za a kashe.

Misali, an ce maka bikin 'yar ƙanwar mahaifiyarka a Bajoga watanni biyar masu zuwa. Abin da ke zuwa ranka shi ne zumunci, sai ka ce da ni za a yi. Ana saura kwana biyu kuwa sai maganar ta koma kuɗin mota, gudunmawa, wa zai tsare shago, ɗinkin da ba a karɓo ba. Bikin bai canza ba. Tazarar da kake kallonsa ce ta canza.

Abin da ya sa wannan ya shafi jan ƙafa shi ne hanyar tana tafiya ta ɓangare biyu. Nisa yana sa ka ga abu a dunƙule, haka kuma in ka saba faɗin abu a dunƙule, zuciyarka za ta ajiye shi nesa ko da wa'adinsa jibi ne. "Zan gyara rayuwata." "Zan nemi ilimi." "Zan fara sana'a." "Zan kula da lafiyata." Duk magana ce mai kyau, amma babu ɗaya a ciki da hannu zai iya kamawa da safiyar Talata. Aikin da ba shi da rana, ba shi da wuri, ba shi da motsin farko, zama yake yi a sararin samaniya. Hausawa sun riga sun faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne.

An taɓa gwada wannan kuwa, ko hasashe ne?

An gwada. A 2008 Sean McCrea, tare da Liberman da Trope da Steven Sherman, suka ba ɗalibai takardar tambayoyi, aka ce su mayar da amsa ta imel cikin mako uku. An jero musu ayyuka na yau da kullum irin su buɗe asusun banki da rubuta littafin tunawa. Wasu aka ce su rubuta abin da aikin ke nunawa game da halin mai yinsa, wato kallon nesa. Wasu aka ce su rubuta yadda ake yin aikin, mataki bayan mataki. Waɗanda aka sa su tunanin "yaya ake yi" sun riga sauran mayar da amsa. Lada ɗaya, wa'adi ɗaya, abin da ya bambanta kawai shi ne inda aka ajiye hankalinsu.

Akwai wani gwajin da ya girmi wannan, kuma ni ya fi taɓa ni. A 1965 Howard Leventhal da abokansa a Jami'ar Yel ta Amurka suka ba ɗalibai bayani kan hatsarin cutar tetanus da amfanin allurar rigakafinta. Da yawa sun ce za su je a yi musu. Waɗanda suka je a zahiri kimanin 3 ne cikin 100. Wani rukunin kuma aka ƙara musu taswirar makarantar da aka zagaye asibitin a kai, aka ce su duba jadawalinsu su zaɓi lokaci da hanyar da za su bi. A cikinsu kimanin 28 cikin 100 suka je. Ka lura, ɗaliban nan sun san inda asibitin yake. Taswirar ba sabon ilimi ta ba su ba, ta dai sauko da niyyar daga sama ta ɗora ta kan hanya.

Ina ajin ƙarshe a jami'a, wata biyu ke nan ban taɓa kundin bincikena ba. Me zan yi?

Ɗana, da farko ka daina kiransa "rubuta kundi". Babu wanda ya taɓa zama ya rubuta kundi. Abin da mutum ke yi shi ne ya buɗe kwamfuta, ya nemo takarda ɗaya, ya karanta shafi huɗu, ya rubuta sakin layi ɗaya. Sunan da ka ba aikin ya yi maka girma, shi ya sa kake tsoronsa.

Ɗauki biro ka tambayi kanka: mene ne abu na farko da hannuna zai yi? In amsar ita ce "fara babi na biyu", har yanzu kana kan tudu. Ƙara saukowa. "Nemo takardu uku da aka rubuta kan batuna." Ƙara saukowa. "Gobe Laraba, bayan lacca ta ƙarfe goma, zan shiga ɗakin karatu, in zauna kusa da soket, in nemo takarda ɗaya in rubuta sunanta da shekararta a littafina." Yanzu ka shigo gari.

Peter Gollwitzer, masani ɗan Jamus, shi ya fi kowa bin diddigin irin wannan ƙudurin mai cewa "idan lokaci kaza ya yi, a wuri kaza, zan yi kaza". A wani gwaji da suka wallafa shi da Veronika Brandstätter a 1997, an roƙi ɗalibai su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, cikin kwana biyu bayansa. Waɗanda aka sa suka faɗi lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, 71 cikin 100 sun cika a kan lokaci. Waɗanda ba a sa su faɗa ba, 32 cikin 100.

Mu kuma Allah ya ba mu turakun da rana ke ɗaure a kansu. Bayan Asuba, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha. Ka ɗaura aikinka a jikin ɗaya daga ciki, ya fi ka ce "da yamma", don yamma ba ta da ƙofa.

Abu na ƙarshe: duk kwanakin da ka ƙiyasta, ƙara. A 1994 Roger Buehler da abokansa a Kanada sun tambayi ɗalibai masu rubuta kundi yaushe za su gama. Matsakaicin abin da suka ce kwana 34 ne. Abin da ya ɗauke su kwana 55 da ɗoriya. Su ke nan da ba su fama da ɗauke wuta, da malamin da ya yi tafiya, da layin buga takarda.

Wannan duk binciken Turawa ne. Mu muna da irinsa?

Muna da shi a aikace tun kafin su rubuta. Dubi makarantar allo. Burin yaro da iyayensa shi ne sauka, izu sittin cif. Da za a ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai wannan nauyin kowace safiya, da ya gudu. Amma ba a yi masa haka. Abin da ke gabansa shi ne abin da ke kan allonsa yau: layi biyar ko goma. Ya karanta, ya biya wa malam, in ya iya a ce ya wanke, a rubuta na gaba. Kowane izu an raba shi sumuni takwas, wato sumuni 480 ke nan gaba ɗaya, kuma mai tilawa yana auna tafiyarsa da su. Ga lokaci sananne, ga wuri sananne, ga mutumin da zai saurare ka. Duk abin da masu bincike suka gano a ɗakin gwaji yana cikin wannan tsari.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne yawan manyan da ke ce mini "ina son in koma in yi hadda" shekara goma suna faɗa. Da sun ce "ranar Asabar bayan Asuba zan je wurin Alaramma da aya biyar", da yanzu sun yi nisa. Hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Ni tela ne a Pantami. Kowace Sallah sai na yi faɗa da mutane, kuma kowace shekara ina rantsuwar ba zan sake ba.

Maigida, matsalarka ta fara ne ranar karɓar yadi, ba daren Sallah ba. Lokacin da aka kawo maka shadda a farkon Sha'aban, Sallah tana nesa, don haka abin da kake gani shi ne ciniki da mutuncin wanda ya kawo. Ba ka ganin awannin da rigar za ta ci. Daga nesa mutum yana auna abu da "ina so?", daga kusa yake auna shi da "zan iya?". Wannan ma yana cikin abin da Liberman da Trope suka nuna.

Maganin shi ne ka jawo Sallar kusa tun ranar. Kaftani nawa kake gamawa a rana ta gaskiya, da azumi a bakinka, da wutar da ba ta tsayawa? In uku ne, rubuta uku. Lissafa ranakun aiki da suka rage, ka cire na ciwo da na jana'iza da ba ka san da su ba tukuna. Abin da ya fito shi ne iyakarka. Duk yadin da ka karɓa, rubuta ranar da za ka yanka shi a jikin ledarsa, ba ranar da mai shi zai zo karɓa ba. Idan ranakun yanka suka cika, sai ka ce wa na gaba, "Alhaji, ka yi haƙuri, na cika." Zai ji haushi na minti biyar. Wanda ka hana sabon kaya ranar Idi kuwa ba ya mantawa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Ke nan in daina dogon buri gaba ɗaya?

A'a, kada ka yi haka. Kallon nesa yana da aikinsa. Kentaro Fujita da abokansa sun nuna a 2006 cewa tunanin "don me nake wannan" yana ƙara wa mutum ƙarfin danne sha'awar yanzu. Matar da ke zubin adashe don ta sayi keken ɗinki, ranar da ta ga atamfa mai kyau a kasuwa, abin da zai riƙe hannunta shi ne tuna keken. Haka ɗalibin da ya gaji a tsakiyar shafi, tuna wahalar da mahaifinsa ya sha kan kuɗin makaranta na iya mayar da shi kan kujera.

Yadda nake raba su shi ne: in ka kasa farawa, tambayi kanka "yaya". In ka fara wani abu na janye ka, tambayi kanka "don me".

Ni fa sai wa'adi ya matso nake iya aiki mai kyau.

Abin da ke faruwa shi ne sai a daren ƙarshe aikin ke bayyana maka daki-daki, don dole ta jawo shi kusa. Kana ganin kamar tsoro ne ya ba ka basira, alhali haske ne ya zo a makare. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai tsawon zangon karatu a 1997. Masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali a farkon zango, amma a ƙarshensa sun fi su damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa.

Cewa "in sha Allahu" ba ya cikin abin da ke sa mu ɗaga aiki?

Kalmar ba ta da laifi, mu ne muke yi mata rashin adalci. A Suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, an hore mu kada mu ce za mu yi abu gobe ba tare da mun jingina shi ga nufin Allah ba. Ka ga ayar ta ɗauka cewa akwai abu sananne da ranar yinsa. "In sha Allahu ranar Litinin ƙarfe tara zan kawo maka kuɗinka" magana ce ta mumini. "In sha Allahu za a duba" kuwa, sau da yawa rufa-rufa ce. Abdullahi ɗan Umar, kamar yadda Buhari ya kawo, yana cewa in ka kai yamma kada ka jira safiya, in ka wayi gari kada ka jira yamma.

Waya ce ke cinye mini lokaci.

Saboda ita kullum kusa take, kuma motsinta na farko sananne ne: yatsa ya taɓa, shi ke nan. Littafinka kuwa yana cikin jaka, jakar tana ɗaki. Juya lamarin. Buɗe littafin a shafin da za ka fara tun da dare, ka ɗora biro a kai. Wayar ka ba wani ya riƙe maka, ko ka bar ta a caji a wani ɗaki na awa ɗaya.

Ɗana yana shirin JAMB, kullum ina ce masa ya dage amma ba na ganin komai.

Hajiya, "ka dage" addu'a ce da fata, yaro ba ya sanin ta ina zai kama ta. Ki zauna da shi ki ce, "Yau wane darasi? Tambayoyi nawa daga na shekarun baya? Bayan wace salla?" Bari shi ya faɗa da bakinsa, kada ki yanka masa. In ya ce tambaya ashirin na lissafi bayan La'asar, da dare ki ce ya nuna miki takardar. Ba sai kin iya lissafin ba. Sanin cewa akwai mai tambaya ya isa. Kuma ki rage ambaton "makomarka" da "rayuwarka" a kowace magana, don manyan kalmomin nan suna ƙara wa yaro tsoro, tsoron kuma shi ke kai shi ga waya.

Na tsara, na karya, na sake tsarawa, na sake karyawa. Yanzu kunyar kaina nake ji.

'Yar'uwa, wannan kunyar tana cikin abin da ke ɗaure ki. Duk lokacin da kika tuna aikin sai ki tuna gazawarki, sai ki kauce wa duka biyun. Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun gano a 2010 cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu. Ki amsa laifin, ki rufe babin, sannan ki duba tsarin da ya karye. Galibi za ki tarar ya yi girma. In kin ce awa biyu kin kasa, ki mayar da shi minti goma. In minti goma ya gagara, ki mayar da shi buɗe littafin kawai.

Akwai lokacin da abin ya wuce jan ƙafa?

Akwai. Wanda bai gyara rufinsa ba don babu kuɗin kwano, rashi ne ke damunsa, kada a ɗora masa wani laifin. Wanda kuma ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, barcinsa da cin abincinsa sun rikice, ko wanka yana yi masa nauyi, wannan ya ga likita, don ciwon damuwa yana zuwa da wannan kama kuma ana maganinsa. Haka wanda tun yarinta hankalinsa ba ya tsayawa kan abu ɗaya duk ƙoƙarinsa.

Mahaifina yana yawan ciwon kai da jiri. Wata shida muna cewa za mu kai shi a auna jininsa.

Wannan kada ya kwana. Hawan jini yakan daɗe yana ɓarna a ɓoye kafin ya kayar da mutum, awonsa kuma bai kai minti biyar ba, ana yinsa a asibitin unguwa da manyan kantunan magani. Abin da na lura a irin wannan gida shi ne kowa na cewa "za mu kai shi", kuma "mu" ba ta da ƙafa. Yau da dare ku zauna ku 'ya'yansa, a faɗi sunan mutum ɗaya da zai raka Baba, a faɗi asibitin, a faɗi ranar da sa'ar, a ajiye kuɗin Keke da na kati a hannun wanda aka zaɓa. Sannan a je a gaya wa Baba cikin ladabi cewa gobe bayan ya karya kumallo za a zo a ɗauke shi. In kuwa ciwon kan ya zo da nauyin baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko duhun gani, ba a jiran goben, a tafi da shi asibiti nan take.